Aƙida ce ke haɗa Sunni da Shi'a yaƙi, ko hannun ƙasashen waje?

Tambaya: Malam, kullum muna jin labarin yaƙi a Iraƙi, Siriya, Yaman da Labanon, ana cewa faɗan Sunni da Shi'a ne. Wasu kuma suna cewa duk makircin Amurka da Isra'ila ne, su ke haɗa Musulmi faɗa. Wanne ne gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya, amma duk wanda ya tsaya a kan yankinsa kaɗai zai kasa bayyana rabin abin da ya faru. Saɓanin aƙida yana nan, tsoho ne, kuma ba na wasa ba ne. Sai dai a iya abin da na karanta na tarihin yankin, ba shi ke sa ranar da za a fara harbi ba. Abin da ke sa ranar shi ne rikicin mulki: wa zai riƙe gwamnati, wa zai riƙe soja, wa zai raba kuɗin mai. A kan wannan aka ɗora gasar Iran da Saudiyya tun 1979, sannan manyan ƙasashe suka shigo suka rusa hukuma a wasu wurare, mutane suka rasa mafaka sai ƙabila da mazhaba.

Asalin saɓanin sananne ne. Bayan wafatin Annabi (SAW) a shekarar 632, aka yi wa Sayyidina Abubakar mubaya'a. Ahlus Sunna suna ganin halifofi huɗu a jere bisa cancanta. 'Yan Shi'a suna ganin an yi nassi da Sayyidina Ali a Gadir Khum, kuma jagoranci haƙƙin Imamai ne daga zuriyarsa. Yaƙin Siffin a 657 da kisan Sayyidina Husaini a Karbala a 680 suka mayar da saɓanin siyasa ya zama rauni a zuciya. Daga baya kowane ɓangare ya gina littattafan hadisinsa da fiƙihunsa. Yau 'yan Shi'a ba su wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na Musulmin duniya ba, amma su ne masu rinjaye a Iran, Iraƙi, Azarbaijan da Bahrain, suna da yawa a Labanon, kuma a Saudiyya suna zaune ne a lardin gabas, wajen Ƙatif da Ahsa, daidai inda man fetur yake. Wannan na ƙarshen ka riƙe shi, domin yana bayyana tsoron Riyad fiye da kowane littafin raddi.

Masu cewa "yaƙi ne na shekara 1400" sukan tsallake abubuwa da yawa. Iran ɗin da ake gani yau a matsayin cibiyar Shi'anci ƙasar Ahlus Sunna ce a mafi yawan tarihinta. Imam Muslim mutumin Naisabur ne, Imam Gazali mutumin Ɗus. Shah Isma'il na daular Safawiyya ne ya ɗora Shi'anci a matsayin mazhabar hukuma a 1501, da ƙarfin takobi, har sai da aka riƙa ɗauko malamai daga Jabal Amil na kudancin Labanon don koyar da mutane. Babban dalilinsa na mulki ne: yana buƙatar abin da zai bambanta daularsa da Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Suka gwabza a Caldiran a 1514, suka ci gaba da fafatawa kan Bagadaza har yarjejeniyar 1639, kuma kowane sarki yana da malaman da ke ba shi fatawar halatta jinin ɗayan. Kafin nan, Buwaihiyawa 'yan Shi'a sun mallaki Bagadaza daga 945, suka bar halifan Abbasiyawa ɗan Sunni a kan kujerarsa fiye da shekara ɗari. Jami'ar Azhar kanta Faɗimiyawa 'yan Shi'a Isma'iliyya ne suka gina ta, kuma a 1959 shugabanta Shaihu Mahmud Shaltut ya ba da fatawar cewa bin mazhabar Ja'afariyya ya halatta kamar bin sauran mazhabobi. An zubar da jini a tsakani, ba a musun wannan: unguwannin Bagadaza sun sha tarzoma a zamanin Abbasiyawa, kuma mayaƙan daular Saudiyya ta farko sun afka wa Karbala a farkon ƙarni na 19. Amma shekarun zaman tare, da auratayya, da ciniki, sun fi shekarun yaƙi yawa nesa ba kusa ba. Manyan ƙabilun Iraƙi irin su Shammar da Jubur har yau suna da reshen Sunni da reshen Shi'a.

Misalin da na fi so in ba mai irin tambayarka shi ne Yaman ta 1962. Sojoji suka kifar da Imam Muhammad al-Badr, sarki ɗan Shi'a Zaidiyya, suka kafa jamhuriya. Masar ta Jamal Abdul Nasir, ƙasar Sunni, ta tura dubban sojoji don kare jamhuriyar. Wa ya ba Imamin kuɗi da makamai har 1970? Saudiyya. A lokacin abin da ke hana Riyad barci shi ne juyin juya halin masu kishin Larabawa da ke kifar da sarakuna, don haka sarki Bazaidi ya fi mata soja ɗan Sunni. Jikokin waɗancan ƙabilun da ta taimaka su ne da yawa daga cikin waɗanda jiragenta suka yi wa ruwan bama-bamai daga 2015. A wancan zamanin kuma Shah na Iran da Sarki Faisal na Saudiyya duk abokan Amurka ne, Washintan tana kiran su ginshiƙai biyu na tsaron yankin Gulf. Akwai kishi tsakaninsu, amma ba ka jin ana kafirta juna a gidajen rediyon gwamnati.

Shekarar 1979 ce ta sauya komai. A watan Fabrairu Ayatullah Khumaini ya kifar da Shah, wanda shi ma hukumomin leƙen asirin Amurka da Birtaniya ne suka ƙarfafa mulkinsa da juyin mulkin 1953 da ya kawar da Firayim Minista Musaddiƙ. Khumaini bai gabatar da juyinsa a matsayin na 'yan Shi'a kaɗai ba. Ya kira shi na Musulunci, ya ce mulkin sarauta ba shi da gurbi a addini, ya yi kiran a fitar da juyin zuwa wasu ƙasashe, kuma ƙungiyoyin Sunni da dama, har da 'Yan'uwa Musulmi, sun yi maraba da shi da farko. Wannan shi ne haɗarin ga gidan Sa'ud, wanda halaccin mulkinsa ya dogara ga hidimar Harami biyu. A watan Nuwamba na shekarar Juhaiman al-Utaibi da mutanensa, waɗanda 'yan Sunni ne masu tsanani, suka mamaye Masallacin Harami na tsawon mako biyu. A daidai kwanakin 'yan Shi'a suka yi bore a Ƙatif. A Disamba Tarayyar Sobiyat ta shiga Afganistan. Gidan sarauta ya ga wuta ta kowace kusurwa, kuma amsa mafi sauƙi ga Khumaini ita ce a tuna wa duniya cewa shi ɗan Shi'a ne, Bafarise, don kada kiransa ya ratsa zukatan Ahlus Sunna. Kuɗin mai ya shiga buga littattafai, gina makarantu da ba da guraben karatu. Iran ita ma ta buɗe nata: guraben karatu a Ƙum, cibiyoyin al'adu, da horar da mayaƙa. Pakistan na daga cikin wuraren da suka fara ɗanɗana sakamakon. Dokar zakka ta Janar Ziya'ul Haƙ a 1980 ta tayar da 'yan Shi'a, aka kafa Sipah-e-Sahaba a 1985, kuma daga nan kashe-kashen masallatai suka zama ruwan dare.

Saddam Husaini ya afka wa Iran a Satumban 1980, yaƙin ya kai 1988, dubban ɗaruruwa suka mutu. Abin lura biyu ne a nan. Na farko, galibin ƙananan sojojin Iraƙi 'yan Shi'a ne, kuma sun yaƙi Iran shekara takwas. Kishin ƙasa da tsoron Saddam sun rinjayi mazhaba. Na biyu, dubi masu sayar da makamai. Sobiyat da Faransa sun cika wa Iraƙi rumbu, ƙasashen Gulf sun ba ta bashin biliyoyin daloli, Amurka ta ba ta bayanan leƙen asiri, amma a 1985 da 1986 gwamnatin Reagan ta sayar wa Iran makamai a ɓoye, da hannun Isra'ila a ciki. Wanda ya tallafa wa ɓangare biyu a yaƙi ba ya neman ɗaya ya yi nasara. Shekara biyu bayan kammala yaƙin, Saddam ya mamaye Kuwait, ƙasar da sarakunanta 'yan Sunni ne kuma ta ba shi bashi.

Inda masu zargin ƙasashen waje suka fi gaskiya shi ne Iraƙi ta 2003, kuma nan ya kamata a daɗe. Amurka da Birtaniya sun mamaye ƙasar bisa da'awar makaman ƙare dangi da ba a taɓa samu ba. A watan Mayu, Paul Bremer, wanda Amurka ta ɗora ya mulki ƙasar, ya sa hannu kan umarni biyu: korar manyan 'yan jam'iyyar Ba'as ta Saddam daga aikin gwamnati, da rusa rundunar soja gaba ɗaya. Dare ɗaya dubban ɗaruruwan mutane masu horon yaƙi suka rasa albashi da mutunci, iyakoki suka zama a buɗe, rumbunan makamai ba mai gadi. Sannan aka kafa majalisar mulki mai mutum 25 bisa kaso: 13 'yan Shi'a, 5 Larabawa 'yan Sunni, 5 Kurdawa, ɗaya daga ƙabilar Turkumanawa, ɗaya Kirista. Har shugaban jam'iyyar kwaminis an ƙidaya shi a kason Shi'a. Kurdawa kuwa galibinsu 'yan Sunni ne, amma an ware su da ƙabila, wanda ya nuna maka lissafin na rabon kujeru ne. Daga ranar, ɗan siyasar Iraƙi ya gane cewa hanyar samun muƙami ita ce ya zama kakakin mazhabarsa.

Ban ce kafin 2003 lafiya lau ake ba. Saddam ya kashe Ayatullah Muhammad Baƙir al-Sadr a 1980, ya murƙushe boren kudu a 1991 da mugun zalunci, kuma 'yan Shi'a sun daɗe suna jin an mayar da su saniyar ware tun lokacin da Birtaniya ta ɗora Sarki Faisal na ɗaya a 1921, ta miƙa hukuma ga tsoffin hafsoshin Usmaniyya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amma mamayar ce ta rushe bangon ɗungurungum. Abu Mus'ab al-Zarƙawi, ɗan Jodan da ya zama jagoran Alƙa'ida a Iraƙi, ya shigo da shiri bayyananne: a kashe 'yan Shi'a har su rama, don 'yan Sunni su rasa mafita sai shi. Tsananinsa ya kai har Aiman al-Zawahiri, mataimakin shugaban Alƙa'ida a lokacin, ya rubuta masa wasiƙa a 2005 yana ja masa kunne. A ranar 22 ga Fabrairu 2006 aka tayar da bam a hubbaren Askari na Samarra, kuma abin da ya biyo baya shi ne kisa bisa suna: a tsayar da mota a shinge, a duba katin shaida, Umar ya mutu a wannan unguwa, Abdul Husaini ya mutu a waccan. Mayaƙan Shi'a, wasunsu sanye da kakin 'yan sanda, sun yi nasu ta'asar. Nuri al-Maliki, da ya yi mulki daga 2006 zuwa 2014 da amincewar Washintan da Tehran duka, ya yi watsi da mayaƙan ƙabilun Sunni da suka kori Alƙa'ida, ya tarwatsa zanga-zangarsu da ƙarfi. A Yunin 2014 Da'ish (ISIS) ta kama Mosul, ta kashe fiye da matasa dubu 'yan Shi'a da ta kama daga sansanin soja na Speicher. Ayatullah Sistani, babban malamin Shi'a na Najaf, ya yi kiran ɗaukar makami, aka samu rundunar sa-kai ta Hashdus Sha'abi, wadda manyan rundunoninta suke da alaƙa a lokacin da kwamandan Iran Ƙasim Sulaimani. Wadda ta fi cin ribar mamayar Amurka ita ce Iran, abokiyar gabarta. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi shakkar cewa komai tsararren shiri ne. Wani lokaci girman kai da jahilci sun fi makirci ɓarna.

Siriya ta fara ne a 2011 da zanga-zangar neman 'yanci a Dar'a. Gidan Assad Alawiyawa ne, ƙungiyar da malaman Shi'a Imamiyya da yawa suka daɗe ba su ɗauke ta tasu ba, kuma mulkin Ba'as ba na addini ba ne. Faransa ce tun zamanin mulkin mallaka ta cika rundunar da ta kafa da 'yan tsiraru, abin da ya share wa Alawiyawa hanyar mamaye soja daga baya. Ƙawancen Dimashƙu da Tehran ya samo asali ne daga ƙiyayyar Saddam da buƙatar hanyar kai makamai ga Hizbullah. Da wuta ta kama, Iran ta kawo Hizbullah da mayaƙa daga Iraƙi, Afganistan da Pakistan da sunan kare hubbaren Sayyida Zainab. Saudiyya, Ƙatar da Turkiyya suka zuba kuɗi ga 'yan tawaye, kowace da nata 'yan koren, suna ma gasa da juna. A lokacin yaƙin garin Ƙusair a 2013, Shaihu Yusuf al-Ƙardawi, wanda ya taɓa kare Hizbullah, ya kira ta jam'iyyar Shaiɗan. Ka tuna a 2006, lokacin yaƙinta da Isra'ila, hotunan shugabanta Hasan Nasrallah sun cika titunan Alƙahira. Shekara bakwai ne kawai tsakani, kuma babu abin da ya sauya a littattafan aƙida. Rasha ta shigo da jiragen yaƙi a Satumban 2015 ta ceci Assad, har ya faɗi a Disamban 2024 lokacin da masu riƙe da shi suka shagala ko suka raunana.

A Bahrain, masu rinjaye 'yan Shi'a sun fito a 2011 suna neman gyaran tsarin mulki, sojojin Saudiyya suka tsallaka gada a watan Maris, Amurka kuma, mai sansanin rundunar ruwanta ta biyar a can, ta yi ƙasa da murya. A Yaman, shugaban ƙasa na lokacin Ali Abdullah Saleh, shi kansa Bazaidi, ya yaƙi 'yan Houthi, ƙungiyar mayaƙan Zaidiyya, sau shida daga 2004 zuwa 2010, ya haɗa kai da su suka kama Sana'a a 2014, su kuma suka kashe shi a 2017. Zaidiyya sun fi kowane reshen Shi'a kusa da Ahlus Sunna, kuma sun daɗe suna sallah a masallaci ɗaya da Shafi'awa. Taimakon Iran ga 'yan Houthi ya ƙaru ne sosai bayan ƙawancen Saudiyya ya fara kai hari a Maris 2015, da makaman Amurka da Birtaniya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta mutum 377,000 sun mutu zuwa ƙarshen 2021, fiye da rabi saboda yunwa da cuta.

In da mazhaba ce ke jan ragama, da akwai abubuwan da ba za su yiwu ba. Iran ta daɗe tana ɗasawa da Armeniya ta Kiristoci fiye da Azarbaijan ta 'yan Shi'a, wadda ke sayen makamai daga Isra'ila. Hamas da Jihadul Islami 'yan Sunni ne, kuma Iran ke taimaka musu. Saudiyya, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Bahrain da Masar sun killace Ƙatar daga 2017 zuwa 2021, har ta koma amfani da sararin samaniyar Iran. Ƙungiyoyin Amal da Hizbullah, duka 'yan Shi'a, sun yaƙi juna a Labanon a ƙarshen shekarun 1980. A 2019 matasa 'yan Shi'a ne suka cinna wa ƙaramin ofishin jakadancin Iran wuta a Najaf, suna ƙorafin cin hanci da katsalandan. Ko a fagen ilimi, makarantar Najaf ba ta rungumi ra'ayin Khumaini na mulkin malami ba. Libiya da Sudan kuwa sun ruguje ba tare da wani batun Shi'a ba, kuma za ka tarar da wasu daga cikin ƙasashen da aka ambata a sama suna ɗaukar nauyin ɓangarori a can.

Akwai gyara ɗaya da nake yi wa masu cewa "hannun waje". Ga mutumin Ta'iz ko Halab, Iran ma ƙasar waje ce, Saudiyya ma haka, Turkiyya da Daular Larabawa ma haka. Kuma kusan kowane baƙo da ya shigo, wani ɗan gida ne ya kira shi: 'yan adawar Iraƙi sun yi zarya a Washintan kafin 2003, Assad ya gayyaci Rasha, shugaban Yaman na lokacin Abdu Rabbu Mansur Hadi ya nemi Saudiyya ta kawo ɗauki. Isra'ila tana amfana da rarrabuwar, kuma tsoron Iran na cikin abin da ya kai wasu ƙasashen Gulf ga ƙulla hulɗa da ita a 2020. Amfana da abu daban, ƙirƙirarsa daban.

Haka nan ba na tare da masu cewa addini ba shi da hannu ko kaɗan. Shugaba yana iya ɗaukar mazhaba a matsayin makami, amma yaron da ya ɗaura bam ya shiga masallaci ya yarda da abin da aka karantar da shi. Zagin sahabbai da Uwar Muminai A'isha da wasu masu wa'azin Shi'a ke yi a tashoshin tauraron ɗan'adam yana ƙona zukatan Ahlus Sunna da gaske, shi ya sa Ayatullah Khamene'i ya ba da fatawar haramta shi a 2010. Kafirta 'yan Shi'a a dunƙule da halatta jininsu shi ma karatu ne da ake yi a wasu zaurukan, duk da Saƙon Amman na 2004 da taron da ya biyo bayansa, inda manyan malamai daga kowane ɓangare suka amince da mazhabobi takwas suka haramta kafirta mabiyansu. Kalmomin aibata juna irin su "Rafilawa" da "Nasibawa" da "Safawiyawa" da zarar sun shiga bakin jama'a, ba sa jiran izinin wanda ya sake su.

Dubi yadda abin ya kasance tsakanin manyan biyu. A Janairun 2016 Saudiyya ta zartar da hukuncin kisa kan malamin Shi'a ɗan ƙasarta Shaihu Nimr al-Nimr, masu zanga-zanga suka afka wa ofishin jakadancinta a Tehran, aka yanke hulɗa, Iraniyawa ba su yi aikin Hajji ba a shekarar. A 2019 aka kai hari kan matatar Abƙaiƙ, Riyad ta zargi Iran, ta kuma ga Amurka ba ta rama mata ba. Yarima Muhammad bin Salman yana buƙatar kwanciyar hankali don shirinsa na tattalin arziki, Iran kuma takunkumi ya shaƙe ta. Aka fara tattaunawa a Bagadaza da Maskat, aka sa hannu a Beijin ranar 10 ga Maris 2023. Ba a kira taron malamai don warware batun Imamanci ba. Jami'an tsaro ne suka zauna. Kafofin yaɗa labaran ɓangarorin biyu suka sassauta harshe, kuma da Isra'ila ta kai wa Iran hari a Yunin 2025, Saudiyya na cikin waɗanda suka fito suka yi tir. Sai dai yarjejeniyar ba ta haɗe Yaman da ta rabu ba, ba ta sauya tsarin rabon muƙamai bisa ɗariƙa a Labanon da Iraƙi ba, kuma unguwannin Bagadaza da aka tsarkake bisa mazhaba a 2006 da 2007 galibinsu ba su koma gauraye kamar da ba.